PAP ko CHAP: Ɓarawon Hanya ko Ɓarawon Gida?

 Kafin mu yi nisa, ina roƙon duk mai wayar Android ya ciro ta. Ka shiga saiti, ka nemi ɓangaren layin waya, ka buɗe inda aka rubuta APN, ka danna na layinka, sannan ka yi ƙasa. Can wajen ƙarshe za ka tarar da inda ake zaɓar irin tantancewa, kuma zaɓi huɗu ne: babu, PAP, CHAP, sai na ƙarshe, PAP ko CHAP. Na san da yawanmu mun sha wuce wurin nan lokacin da muke neman saitin data, ba mu taɓa tsayawa mun tambayi ma'anarsa ba. Ni ma haka nake, sai ranar da aka kunyata ni a gida.

Hutun ƙarshen shekarar farko ne, na koma garinmu Fassi, a ƙaramar hukumar Kibiya. Kawuna malamin firamare ne, yana da tsohuwar kwamfutar cinya da wani ɗan modem na Huawei, irin wanda ake saka wa sim a soka a gefen kwamfuta. Da shi yake cike wa mutane fom, in sabis ya yarda. Saitin ya goge, sai ya aika a kira ni. Muna zaune a zaure ina ta cike gurabe, har muka iso wurin nan. Ya ce, "To ɗana, wanne za a zaɓa?" Na ce, "Kawu, ai kowanne ma." Ya dube ni ya ce, "In kowanne ma ne, me ya sa suka yi biyu?" Wallahi ban da amsa. Ya yi dariya ya ce, "Ashe dai kuɗin makarantar bai gama aiki ba."

Tambayar nan ta bi ni har wurin SIWES, kuma a can na samu amsarta, ba a littafi kaɗai ba. Ita nake so mu tattauna, domin ta shafi kowa, ko ɗan sashen kwamfuta ne ko ɗan akanta.

Zamanin da ake buga wa intanet waya

Waɗannan sunaye sun girme mu. Sun fito ne daga lokacin da in kana son shiga intanet, sai kwamfutarka ta buga lambar tarho, kamar yadda za ka kira mutum. Ana jona modem da wayar tarhon gida, ya buga lambar kamfanin intanet, wani modem ya ɗauka a can, su yi ta ƙara da tsuwa na ɗan lokaci har su daidaita. Mafi saurin irin wannan layi shi ne kilobit 56 a daƙiƙa. Ka yi lissafi: waƙa ɗaya mai megabait 5 sai ta ci minti 12, gigabait ɗaya kuwa kusan awa 40. Kuma muddin kana kan intanet, duk wanda ya kira gidanku zai ji layi a cike.

A Najeriya abin ya fara yaɗuwa ne a ƙarshen shekarun 1990, a kan layukan NITEL, waɗanda lambobin Kano ke farawa da 064. Layukan duk ƙasar ba su kai rabin miliyan ba kafin zuwan GSM a 2001, don haka harkar ta manyan ofisoshi ce da 'yan kasuwa da shagunan intanet na birni. A Fassi ni dai ban taɓa ganin tarhon gida ba. Amma salon buga lamba bai mutu da NITEL ba. Modem na Starcomms da Visafone a zamaninsu suna buga #777, irin na kawuna kuma yana buga *99#. Ba tarho na gaske suke kira ba, amma kwamfuta tana ɗaukar abin a matsayin kira, kuma harshen da ake yi bayan an ɗauka bai canja ba.

Sunan harshen PPP. Ƙa'ida ce ta yadda na'ura biyu za su yi magana a kan layi ɗaya, kuma bayaninta na nan a takardar RFC 1661 ta 1994, ɗaya daga cikin takardun da ake tsara dokokin intanet da su. Da zarar layi ya haɗu, ɓangarorin biyu za su fara daidaitawa a kan sharuɗɗa, ciki har da wannan: ta wace hanya za ka nuna mini cewa kai ne? In ba ka gamsar da saba ba, wato babbar kwamfutar kamfani, sai Windows ta watso maka kuskure mai lamba 691. Yayyenmu da suka yi zamanin sun san lambar nan kamar sunansu.

PAP: faɗi da bakinka

Ka ɗauka gari ya ɗauki 'yan sintiri, an kuma yi yarjejeniya cewa duk wanda zai shigo bayan sha biyun dare sai ya faɗi wata kalma. Ka iso bakin gari, mai gadi ya haska ka da tocila, ka ce, "Ni ne wane, kalmar kuma ita ce kaza." Ya duba, ya ce wuce. To wannan shi ne PAP, ba ƙari ba ragi.

Taku biyu ne. Kwamfutarka ta aika sunan shiga da kalmar sirri a saƙo ɗaya, saba ta amsa da na'am ko a'a. Kalmar tana tafiya tsirara, yadda ka rubuta ta. An bayyana tsarin a RFC 1334 ta 1992, kuma ita kanta takardar ba ta ɓoye ba cewa ba tsari ne mai ƙarfi ba.

Matsalar a fili take. Duk wanda ya laɓe a bayan danga ya ji kalmar, gobe shi ma zai zo ya faɗa a buɗe masa. A zamanin tarho wannan bai tayar wa mutane da hankali sosai ba, domin kafin ka saurari layi sai ka je ka taɓa wayar tagulla da hannunka, ko ka samu shiga ofishin musayar layuka. Amma da aka ɗauko PPP aka ɗora shi a kan kebul ɗin da mutane da yawa ke amfani da shi tare, da kuma kan iska, sai laɓewa ta yi araha. Wannan sabon salon shi ne PPPoE, kuma shi ƙananan kamfanonin intanet da dama ke amfani da shi har yau.

CHAP: nuna ka sani, kada ka faɗa

Mu koma wurin mai gadinmu. An gane ana laɓewa, sai aka canja dabara. Kai da shi kun san wata lamba, a ce 47. In ka iso ba za ka faɗe ta ba. Shi ne zai jefo maka wata lamba da ya ga dama, a ce 23. Sai ka ninka 47 sau 23 a zuci, ka samu 1081, ka faɗi lambobi biyun ƙarshe kawai: 81. Shi ma ya yi lissafin a nasa ɓangaren, ya ga 81, ya buɗe. Wanda ya laɓe ya ji 23, ya ji 81. Gobe ya zo da ƙarfinsa, sai mai gadi ya ce 36. Amsar yau 92 ce, shi kuwa 81 ya haddace. An kama shi.

Wannan shi ne ruhin CHAP, kuma taku uku ne. Saba ta aiko da ƙalubale, wato wasu lambobi na ba-zata da ba a maimaitawa. Kwamfutarka ta haɗa lambar saƙon da kalmar sirrinka da ƙalubalen, ta zuba su a wani lissafi, ta aika sakamakon. Saba ta yi irin lissafin, in sun yi daidai ta ce ka shiga. Ƙa'idar ma ta ba saba damar sake jefo ƙalubale a tsakiyar zama, don ta tabbatar ba a sauya mutum ba. Cikakken bayanin yana RFC 1994, wadda William Simpson ya rubuta a 1996. Kada lambar takardar ta ruɗe ka da shekara, ni ta taɓa ruɗa ni a gwaji.

Lissafin da na yi misali da shi na wasan yara ne, mai haƙuri zai gano 47 cikin 'yan kwanaki. Na gaske sunansa MD5, wanda Ronald Rivest ya ƙirƙira a 1991. Hanya mafi sauƙi ta fahimtarsa ita ce dakan yaji. In ka zuba barkono da citta da kanumfari da gishiri a turmi ka daka, ka samu yaji. Duk ranar da ka zuba kayan nan a ma'auni ɗaya, yajin da za ka samu iri ɗaya ne. Amma ba wanda zai ɗauki garin ya mayar da shi barkono da citta. Haka MD5 yake: komai tsawon abin da ka zuba, zai fito da bit 128, kuma ba a bin sa baya.

Sai dai ɓarawon da ya ɗauki ƙalubale da amsa bai tafi hannu rabbana ba. Ba zai iya warware dakan ba, amma zai iya zama a ɗakinsa ya yi ta daka nasa yana kwatantawa. Ya gwada kano123, ya gwada sunan ƙungiyar ƙwallo, ya gwada lambobin waya da ke farawa da 080, har ya dace. Kwamfutar yau tana gwada miliyoyi a daƙiƙa ɗaya. Ke nan CHAP yana kare kalma mai ƙarfi ne kawai. Raunanniya kuwa jinkiri ya yi mata, ba kariya ba.

Duk da haka, da na kai nan a karatu sai na ce shi ke nan, na samu amsar kawu: CHAP ya fi, a rufe babi. Ashe rabin labarin na sani.

Abin da na gani a wurin SIWES

Na yi wata huɗuna a wani ƙaramin kamfani a cikin birnin Kano, masu raba intanet ga shaguna da gidaje ta hanyar eriya. Rautar MikroTik suke amfani da ita, kowane mai biyan kuɗi yana da sunan shiga da kalmar sirri ta PPPoE. A saitin sabar akwai akwati huɗu da ake yi wa alama: pap, chap, mschap1, mschap2.

A sati na biyu ogana ya ce in zo in ga abu. Ya buɗe asusun gwaji, ya bar alamar pap kaɗai, ya kunna manhajar Wireshark mai nuna duk saƙon da ke wucewa a kebul, ya ce in shiga. Ina dannawa, sai ga kalmar da na rubuta ta fito ɓaro-ɓaro a allonsa, harafi bayan harafi. Ya cire pap ya sa chap, na sake shiga, sai wasu lambobi da haruffa marasa kan gado. Na ce, "Oga, ai magana ta ƙare." Ya ce, "Ɗan poli, tsaya tukuna."

Sai ya buɗe shafin da ake ajiye asusun mutane, ya cire alamar da ke rufe kalmomin da taurari. Jama'a, ga sunayen mutane a jere, ga kalmar sirrin kowa a gefensa, ana karantawa kamar rajistar aji. Wani sunan 'yarsa ya sa da shekarar haihuwarta, wani lambar wayarsa, wani sunan shagonsa. Na tambaye shi me ya sa ba a dake su ba kafin a ajiye. Ya ce in yi tunani: in mai gadi bai san 47 ba, ta yaya zai yi nasa lissafin?

Nan abin ya faɗo mini. CHAP yana tilasta wa saba ta riƙe ainihin kalmar, ko dai a fili ko a rufin da za ta iya buɗewa, domin kullum tana buƙatarta ta haɗa da sabon ƙalubale. PAP kuwa, da yake kai ne kake kawo kalmar da kanka kowane lokaci, saba ba ta da buƙatar ajiye ta. Tana iya ajiye dakakken garin kawai. In ka zo ta daka abin da ka kawo, ta kwatanta da na ajiya, ta watsar. Ko an sace kundinta, gari aka sata, ba barkono ba.

Ka ga ke nan kowannensu ƙofa ɗaya ya tsare ya bar ɗaya. PAP ya bar hanya a buɗe, amma yana ba da damar kulle rumbu. CHAP ya tsare hanya, ya bar rumbu da mabuɗi a jiki.

Ban bar wurin ba sai da na ga misalin da idona. Wani mai shagon ɗab'i ya zo da safe ransa a ɓace, wai kwana uku yana kasa shiga da dare, in ya shiga kuma sai a yanke shi. Da aka duba, sai aka ga wata na'ura daban tana shiga da sunansa daga wata unguwa. Tunanina ya tafi kan masu laɓewa a iska, amma an daɗe da kashe pap a sabar. Bincike ya kai ga wani yaro da ya taɓa aiki a wurin ya bari. Ashe kafin ya tafi ya ɗauki hoton shafin nan da wayarsa. Hausawa suka ce da ɗan gari akan ci gari.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ba satar data ba ce. Da oga ya ce wa mutumin za a canja masa kalma, sai ya yi shiru, sannan ya ce a hankali, "Ai ita ce ta imel ɗina, ita ce ta Facebook." Kuma ta imel ɗin nan masu ba shi aiki suke turo masa takardu. A tsaye ya canja su duka, hannunsa na rawa. Bai yi laifin komai ba sai yarda da cewa ba wanda ke ganin abin da ya rubuta.

Gyaran Microsoft da inda ya tsage

Kamfanin Microsoft ya ga wannan matsala, sai ya fito da nasa salon, MS-CHAP, wanda aka wallafa a RFC 2433 a 1998. Dabararsu ita ce saba ta ajiye dakakkiyar kalma, a yi lissafin ƙalubale da garin maimakon ainihin kalmar. A ido abin ya yi kyau. Amma in garin ne ake lissafi da shi, to garin ya zama mabuɗi ke nan; wanda ya sace shi zai shiga ba tare da ya san kalmar ba. Ƙari a kan haka, salon farko ya ɗauko wani tsohon daka mai rauni, wanda ke mayar da duk haruffa manya, ya raba kalmar gida biyu, harafi bakwai-bakwai, yadda za a fasa kowane rabi shi kaɗai. A 1998 Bruce Schneier da wani masani da aka fi sani da Mudge suka fallasa raunin.

Sai aka fito da salo na biyu, MS-CHAPv2, a RFC 2759 ta shekarar 2000. Ya kawo abu ɗaya mai muhimmanci da sauran ba su zo da shi kai tsaye ba: tantancewa ta ɓangare biyu. Ba kai kaɗai za ka nuna ka san sirrin ba, ita ma saba sai ta nuna. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. A misalinmu, me zai faru in ɓarawo ya sa rigar ɗan sintiri ya tsaya a bakin gari? Haka ake yi a kebul: mutum ya kafa sabar bogi, ya ce shi PAP kaɗai yake ji. In na'urarka an saita ta a kan kowanne ma, irin amsar da na ba kawu, sai ta miƙa masa kalmar da hannu biyu.

Amma shi ma na biyun da tsagarsa. A ciki yana amfani da tsohon makulli mai suna DES, mai bit 56. A 2012, a taron DEF CON a Las Vegas ta Amurka, Moxie Marlinspike da David Hulton suka nuna cewa duk ƙarfin tsarin bai wuce gwada mabuɗan DES ɗaya bayan ɗaya ba. Yawansu ya kai 72 da sifili 15 a bayanta, amma da na'ura ta musamman sun nuna ana gamawa cikin ƙasa da kwana ɗaya, komai tsawon kalmar sirrinka. Tun daga nan masana suka daina ɗaukar MS-CHAPv2 a matsayin abin da zai tsaya shi kaɗai. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

To me ya sa kalmar MTN ta zama "web"?

Mu dawo kan wayar da ke hannunka. Duk wanda ya taɓa saita data da hannu ya san cewa a saitin MTN sunan shiga web ne, kalmar sirri ma web. Miliyoyin mutane da kalma ɗaya, kuma kowa ya san ta. Ina tsaron yake?

Tsaron yana cikin sim. A cikin ɗan guntun katin nan akwai mabuɗi mai bit 128 da ba ya fita waje, kamfani ma yana da kwafinsa. Duk lokacin da wayarka ta nemi shiga, kamfani zai aiko da lambar ba-zata, sim ya yi lissafi ya mayar da amsa. Ka gane shi? Ɗan uwan CHAP ne, sai dai sirrin ba ɗan Adam ne ya zaɓe shi ba, balle ya sa sunan budurwarsa. Kafin a zo kan PAP ko CHAP na APN, an riga an san ko kai wane ne. Gurbin nan gado ne daga zamanin tarho. Ashe amsar da na ba kawu daidai ce a kan modem ɗinsa, amma dace na yi, ba sani ba. A PPPoE amsar nan ganganci ce.

Wani gadon kuma shi ne RADIUS, sabar da ke riƙe asusun masu shiga a wuri ɗaya. Kamfanin Livingston ne ya ƙera ta a farkon shekarun 1990 don cibiyar Merit ta jihar Michigan, kuma haruffan D da I na sunan suna nufin shiga ta buga waya. Yau ita ce ke bayan Wi-Fi na manyan makarantu da ofisoshi, irin wanda kowa ke shiga da sunansa da kalmarsa.

Yadda PAP ya dawo da riga

Ga abin da ya fi ba ni mamaki. Mafitar da duniya ta fi karkata gare ta ba ta zama sabon CHAP ba. An koma kan PAP ne, aka sa masa sutura. Da farko a gina rufaffiyar hanya tsakaninka da saba, wadda ba mai iya leƙawa, saba kuma ta nuna takardar shaidarta don ka tabbatar ita ce. Sannan ka faɗi kalmarka a cikin rufin. Saba ta daka ta, ta kwatanta da garin da ta ajiye. An tsare hanya, an kulle rumbu.

Abin da ke faruwa ke nan duk lokacin da ka shiga shafi mai https, in masu shafin sun yi aikinsu yadda ya kamata: shafin rajistar makaranta, na JAMB, na banki. A Wi-Fi ma akwai irinsa: EAP-TTLS yana iya ɗaukar PAP a cikin rufi, PEAP kuma yakan ɗauki MS-CHAPv2. Amma duk ginin ya dogara ne a kan takardar shaidar nan. In wayarka ta tambaye ka game da takardar ka zaɓi kada a duba, to ka shiga ɗaki ka rufe ƙofa da wanda ba ka san ko wane ne ba.

Abin da za mu riƙe

Na farko, duk kalmar da za ka bayar don Wi-Fi na hostel, ko na shagon intanet, ko na mai raba intanet a unguwa, ka ɗauka cewa wani zai iya karanta ta. Ba lallai mugu ba ne, tsarin ne ya gaji haka. Kada ta zama ita ce ta imel ɗinka, ko ta banki, ko ta shafin makaranta.

Na biyu, ga gwaji mai sauƙi. In ka manta kalmarka ka je wurin mai kula, ya duba allo ya karanto maka ita, to a fili take a ajiye. In ya ce ba zai iya gani ba sai dai a sa sabuwa, wannan alama ce mai kyau, kada ka ji haushinsa.

Na uku, ka tsawaita kalmar. Kalmomi huɗu ko biyar na Hausa da ba su da alaƙa da juna sun fi sunanka da 123 nesa ba kusa ba, kuma sun fi sauƙin tunawa.

Na huɗu, ga 'yan sashenmu da gobe za a miƙa musu rauta a ce su kula: kada ku bar akwati huɗun nan duka da alama don gudun ƙorafi. Ku cire mschap1. Ku cire pap in ba a cikin rufi yake ba. In chap kuka bari, ku san cewa amanar mutane ce a hannunku: ku taƙaita masu ganin shafin asusu, ku ba kowa kalmar da na'ura ta ƙirƙira maimakon ya zaɓa da kansa, kuma ranar da ma'aikaci ya ajiye aiki, a ranar za a canja mabuɗai.

Da na koma Fassi bayan SIWES, na samu kawu a zauren nan, na zayyana masa duk wannan, da misalin ɗan sintiri da na yaji. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Wato dai kafin ka sayi kwaɗo, sai ka san ta ina ɓarawon zai zo." Na ce haka ne, Kawu. Ya ce, "To yanzu kuɗin makaranta ya fara aiki." Sannan ya tambaye ni yadda ake canja kalmar imel, domin shi ma ashe ɗaya yake amfani da ita ko'ina.

Allah ya ba mu sa'ar jarrabawa, ya sa mu gama lafiya.